Kada ka taɓa murhun nan tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini shi a waya bayan sallar isha'i. Ka ce tun da aka tura ka koyarwa ƙauyenmu na bayan Mayo Ndaga, a kan dutsen Mambila, ka sauka a gidan kakanka, kuma Gwaggonka ta hana ka tone murhun tsakiyar ɗaki, ta ce wutar gidan nan ba a barin ta ta mutu. Kana tambaya ko camfi ne, tunda ga tukunyar gas ka hau da ita daga Jalingo. Na yi dariya da na ji zancen gas, amma daren nan ban yi barci sosai ba.

A rani ka je, shi ya sa. Ba ka ga Mambila ba tukuna. Bari Agusta ta zo, a kwana uku ana ruwa, rigar da ka shanya ran Litinin ta kai Alhamis ba ta bushe ba, ashana ta yi laushi a cikin kwalinta. Kana zaune ne a kan tudun da ya haura mita 1,500, sanyinsa ba irin na hunturun Kano ba ne mai busar da leɓe, jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake nema.

Kakanka da fatauci ya hau dutsen nan, yana kai wa Fulani gishiri da kanwa. Da ƙafa ya hau daga Mayo Selbe, ta hawan da har yau ake kira Biyu da Sisi. Mun ji manya na cewa ladan ɗan dako ne a wancan zamani, sule biyu da sisi, sunan ya bi wurin. Abin da ya zaunar da shi shanu ne: can sama babu ƙudan tsando, ciyawa kuwa har iya ganinka, inda shanu suke kuma nan mai kanwa yake.

Shekarar ƙuri'a nake so in ba ka labari, 1961. A watan Fabrairu aka tambaye mu ko Najeriya ko Kamaru, a watan Yuni muka zama 'yan Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Ina da shekara goma. Cikin daminar nan na raka kakanka kasuwar Nguroje da jakuna biyu. A hanyar dawowa, bayan la'asar, hazo ya taso daga kwari kamar an buɗe tukunya. Kafin ka ce kwabo na daina ganin kunnen jakin da nake kora. Ka san tuddan can duk kamarsu ɗaya, babu itacen da za ka riƙe a matsayin alama, domin lokacin zaitin da ya cika ko'ina yanzu bai yawaita ba. Muka bi wata hanyar shanu muna zaton tamu ce, ta kai mu bakin rafi ta ɓace. Ruwa ya sauko. Haƙorana suna haɗuwa, yatsuna sun ƙi riƙe igiya, har na fara jin barci mai daɗi yana ɗaukata. Kakanka ya mare ni, shi da bai taɓa dukana ba, ya ce in na rufe ido ba zan buɗe ba.

Ba haske muka gani ba, ƙanshin hayaƙi muka ji. Ya tsaya yana shaƙa kamar maharbi, sannan ya goya ni, ya bar jakunan suna bin mu. Bukka ce ta wata tsohuwa 'yar ƙabilar Mambila, hayaƙi na tsatsowa ta jinka. Ƙofar kara ce kawai aka jingina. Ba ta jin Hausa, Fulatancinta kaɗan ne, "jabbama", wato barka da zuwa, kaɗai ta ce, ta ja ni bakin murhu. Ta tone toka da ɗan itace, sai ga garwashi ja yana kwance a ƙasa kamar yana jiran mu. Ta hura sau uku, wuta ta tashi. Ta cire mini jiƙaƙƙiyar riga, ta murza ƙafafuna da tafin hannunta mai kaushi har na fara kuka saboda zafin jini da ke dawowa. Ta turo gwaza biyu cikin toka, ta ɗumama tuwon masara da miyar ganyen kumbi. Ina kwance ina kallon sama, ga zangarkun masara jere a kan ragar gwangwala, kunkunniya ta mai da su baƙi wuluk. Ba ta tambayi sunanmu ba, ba ta tambayi addininmu ba. Kakanka ya yi sallolinsa a gefe, ita kuma ta matsar da tulunta ta ba shi wuri. Da safe ya ajiye mata gishiri, ta ɗebi tafi guda ta mayar masa da sauran.

Daga ranar ya kafa dokar da Gwaggonka ke riƙe da ita. Yakan ce, wutar dutse ba ta mai gida ba ce, ta mai hanya ce. Kakarka kuma in muka yi ƙorafin hayaƙi sai ta ce, hayaƙin da ya sa ku hawaye shi ya tsare muku tuwo. Gaskiyarta. Masararmu cikin ruwa take nuna, babu ranar da za ta busar da ita, hayaƙin murhu ne ke busar da ita a sama ya kore ƙwari, shi ne kuma ke hana jinka ruɓewa. Matar da wutarta ta mutu sai ta ɗauki tsingaro ta je maƙwabta roƙon garwashi, kuma abin kunya ne, kowa ya san ta yi sakaci.

Ba zan ɓoye maka ba, hayaƙin nan ya ci idon kakarka, da tari ta ƙare rayuwarta. In ka sama wa Gwaggonka abin da zai rage mata shi, Allah ya yi maka albarka. Amma ka ji ni da kyau: ɗakin kwano da siminti ba ya numfashi kamar jinka. Kada sanyi ya sa ka shigar da gawayi ka rufe ƙofa da taga ka kwanta. Mutane sun kwanta haka ba su tashi ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne yadda ka yi tambayar. Ka rubuto mini daga nesa, alhali matar da ta fi shekara sittin tana binne garwashin nan tana ɗaki ɗaya da kai. Ku yaran yanzu kun fi yarda da abin da ya fito daga waya. Ka zauna kusa da ita da daddare mana, ka ga yadda take rufe shi da toka. Zuwana na ƙarshe, bayan rikicin ƙabilanci na 2017, na ga ƙofofin ƙarfe da kwaɗo a gidajen da na sani da asabari, na ga baƙo ya yi sallama ana leƙensa ta taga. Ban zargi kowa ba, mutane sun ga abin tsoro. Sai dai na tuna tsohuwar nan, na rasa inda zan sa kaina.

Batun ko camfi ne, ka kai wa limamin garin, ya fi ni karatu. Ni dai ban taɓa jin kakanka ya ce wutar tana kawo sa'a ko tana korar aljani ba. Ka dafa shayinka da gas ɗinka, ba wanda ya hana. Duwatsun murhun uku kuwa ka bar su inda suke har in zo da Babbar Sallah, in Allah ya kai mu, domin kakanka da hannunsa ya ɗauko su daga rafin da muka ɓata. Ka gaishe da Gwaggonka, ka ce ta ajiye mini ganyen shayin da ake nomawa a garin Kakara. Ka sayi bargo na biyu kafin ruwa ya sauka.