Madugu, jagaba, jagora: wa ya nuna wa Barth hanya?

Wani malamin makaranta daga Damagaram ya aiko da tambaya: "Ina koyar da tarihin Turawan da suka ratso ƙasarmu. Waɗanda suka raka su, madugai zan kira su ko jagorori?"

Malam, kalmomin ba ɗaya ba ne. Madugu uban tafiya, shi ke riƙe da ayari baki ɗaya. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, shi ke tsayar da ranar tashi, shi ke ciniki da sarakuna kan kuɗin fito. Jagaba kuwa yana gaba da ayari, ya san rijiya, ya san mashigar kogi, ya san zangon da ba a kwana. Jagora ta fito ne daga "ja gora", wato yaron da ke riƙe da bakin sandar makaho.

To, Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850. Da ya iso Azbin, sai ya shiga inuwar Annur, shugaban Buzaye Kel Owi, ya bi ayarinsu na gishiri zuwa kudu, ya shiga Kano a Fabrairun 1851. A nan Annur madugu ne, Barth kuwa ɗan ayari kawai, yana tafiya ranar da aka ce a tafi. A Timbuktu ma, a 1853, da ba don Shehu Ahmad al-Bakkay ya tsaya masa ba, da wuya ya fita da ransa. Wannan shi ake kira mai masauki, ko uban ɗaki.

Ga kuma Dorugu, yaro daga ƙasarku ta Damagaram, wanda Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta daga bauta. Ya bi Barth har Ingila a 1855, inda wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa. Shi bara ne, ba jagaba ba, don hanyar shi ma baƙuwarsa ce.

In kana son kalma ɗaya ta tattara su, ni dai jagora na zaɓa. Mutumin da bai san inda ruwa yake ba, ai makaho ne a daji, ko da yana riƙe da taswira.

Wata baiwar Allah daga Katsina kuma tana neman ma'anar "da ɗan gari kan ci gari".

Hajiya, "ci" a nan na yaƙi ne. Birni mai ganuwa ba ya ciwuwa sai wani na ciki ya nuna kafa, shi ya sa karin maganar ke da ɗan ɗaci, akwai warin cin amana a jikinta. Yau ta yi laushi: ɗan kasuwar da ya sauka a Kantin Kwari ya nemi dillali ma yakan faɗe ta. Malamin Damagaram na iya amfani da ita a ajinsa, amma ya faɗa wa ɗalibai cewa Barth bai zo da runduna ba. Turawa masu runduna sai a 1903 suka iso Kano.