Kunyar ɗan fari da kitson daren tafiya makaranta

Wa'alaikumussalam 'yata. Saƙonki ya shigo tun bayan la'asar, sai da na yi isha na samu natsuwar karanta shi sau biyu, na farko na yi dariya na biyu kuma jikina ya yi sanyi. Wai surukarki ta ce ba ki da kara tunda kina kiran 'yar fari da sunanta gatsal har kina rungumarta a gaban mutane, ke kuma kina tambaya wai wannan kunyar ɗan farin addini ce ko me, alhali yarinyar ma ba ta sake miki ba, kin dawo daga dutin asibiti a gajiye ita tana ɗaki da waya, sannu da zuwa kawai shikenan. Toh ni maganar ta biyun ce ta dame ni.

Ni 'yar fari ce kin sani, babanki ƙanina ne na uku. Har Allah ya karɓi ran Innarmu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" take cewa, in da baƙi ta ce 'yar gidan tsohuwa, don tun yaye aka miƙa ni ɗakin kakarmu. Kuma kar ki ɗauka zaman banza take, aikin mata ba yau aka fara ba, Inna tana cikin kulle amma tun asuba take kan suyar gyaɗa da matsar mai, ƙuli-ƙulinta har kasuwar Bichi ake kaiwa, wani lokaci sai magariba take miƙe bayanta.

Shekarar 1973 ce, shekarar da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, ga fari an yi gero ya yi tsada, aka ce na ci jarabawa zan tafi WTC Kano, kwalejin horar da malamai mata. Ana gobe tafiya kaina a tsefe, kakarmu ce ke min kitso kullum amma ranar sai ta ce wai sanyin ƙashi ya riƙe mata yatsu, in je uwata ta yi min. Wallahi lafiyarta lau, da safe na ganta tana kaɗi. Na tafi ɗakin Inna ƙafata na rawa kamar an aike ni gidan surukai. Ba ta ce komai ba, ta jawo tabarma ta kunna fitilar ƙwai ta ɗauko kibiya da man shanu, na zauna tsakanin ƙafafunta na ba ta baya. Har ta gama shata tsaga uku shiru, sai can na ji murya a saman kaina ƙasa-ƙasa kamar da bango take magana, wai in mace ta ga jini kar ta firgita ba ciwo ba ne, ga yadda ake ƙunzugu, ga yadda ake wankan tsarki, akwai tsumma mai tsabta a ƙasan akwati. Daga nan ta shiga maganar ƙawaye, da malami namiji in ya ce zo ki same ni ke kaɗai, da aron kayan mutane. Ni kuma da ban taɓa haɗa jimla biyu da ita ba sai ga bakina ya buɗe, na ce mata tsoro nake ji, na ce an ce manyan ɗalibai na duka, har na faɗa mata wani yaro da ke tare ni a hanyar rijiya. Hannunta bai tsaya ba. Shuku ne fa da ba ya wuce awa ɗaya, amma ta yi ta warware wanda ta kitsa wai ya karkace, har man fitila ya kusa ƙarewa, kuma sau biyu na ji ɗigon abu mai ɗumi a ƙeyata ban waiwaya ba.

Da safe ko zaure ba ta rako ni ba, tana can bakin murhu ta juya baya, don in ta yi kuka matan gida sun samu abin faɗa. Sai a makaranta na tarar da sabuwar takardar naira ɗaya a ƙulle a bakin ɗankwali, daga baya na ji tunkiyarta ta sayar aka sai min akwatin ƙarfen.

Da na zo hutu na tambayi kakarmu, ta ce yarinya kunyar nan ta ido ce, ai kunya ba ta hana hannu aiki, kuma uwa ba ta rasa ƙofar shiga wajen ɗanta sai dai in ba ta nema ba. Tana yawan cewa ka ƙi naka duniya ta so shi.

Ni da na san wannan ma na yi sake. Na fara koyarwa 1978, UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, ta cika azuzuwa da yara tun 1976, in dawo da tulin littattafai in yi ta maki har dare, 'yata kuwa, yayarki, sai a bakin maƙwabciya na ji ta fara al'ada, wata huɗu da farawa. Har yau in na tuna sai na ji abu ya tokare min ƙirji, 'ya'yan mutane na sani ciki da waje tawa tana gefena ban sani ba.

Ku kuma yanzu kun yar da kunyar, ban ce laifi ba ne, Manzon Allah SAW ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane, da wani ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba ai kin san amsar da ya samu. Amma kun haɗa da kitson kun yar. Kai a kai shago a biya, girki 'yar aiki, tsintar shinkafa babu, karatu mai lesin, to a ina za ta yi miki magana? Sai ki zaunar da ita kujera ki ƙura mata ido kina faɗa min me ke damunki, kamar ɗan sanda, budurwa 'yar sha huɗu ai ba za ta ce komai ba ko da sunanta kika kira ta sau goma.

Na san aikinku ba wasa ba ne, dutin dare ga cunkoson hanya, ban ce ki ajiye ba don da shi kuke rufa wa kanku asiri. Asabar ɗin da kika sauka dai ki yi barcinki ki tashi, ki ce ta tsefe kai. Ko kalaba ce ki yi mata in hannunki ya manta, wayarki da tata ku bar su a ɗaki, kuma kar ki fara da tambaya, ba ta labarin wani abin da ya faru a wajen aiki ko na ƙuruciyarki. In ta faɗi abin da ya girgiza ki kar hannunki ya tsaya.

Surukarki kuma kar ki yi mata musu, a gabanta ki dinga sakaya sunan, ba zai rage ki da komai ba. Ki gaishe min da ita da maigidan, kishiyar tawa kuma in an yi hutu a turo min ita ko na sati ɗaya ne, ina son ganin kitson.