Bidiyon da na ɗauka da jirgi maras matuƙi ya ƙi buɗewa, in yi wa katin fomat?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni aikin ɗaukar wani gini daga sama ranar da ake zuba kankare, da jirgina na DJI. Ina sauko da shi na zare batir, ashe ban tsayar da ɗauka ba. Fayil ɗin yana nan, ya kai gigabait 3, amma ba ya buɗewa. Wani mai gyara ya ce in fara yi wa katin fomat, shi zai dawo min da komai da manhaja. Mai aikin sai kirana yake, ga shi ba za a sake zuba kankaren nan ba. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Tunda fayil ɗin yana nuna gigabait 3, mai yiwuwa hotunanka suna ciki. Fayil ɗin bidiyo irin MP4 yana zuba hotuna a sashen da ake kira mdat yayin ɗauka, sai ka tsayar sannan ya rubuta sashen moov, wanda ke faɗa wa kwamfuta inda kowane hoto yake. Kamar littafi ne da aka gama rubutawa ba a saka masa fihirisa ba. Wuta ta yanke kafin a rubuta moov, shi ke nan.

Amma don Allah kada ka yi fomat ɗin nan. Kusan kullum sai an zo min da wannan maganar, kuma tana ƙona min rai, domin ita ce ke mayar da ƙaramar matsala asara. Yanzu katinka ya san sunan fayil ɗin, ya san girmansa, ya san gurbin da kowane ɓangare yake zaune. Fomat wannan bayanin yake sharewa. Bayan haka manhajar dawo da fayil sai dai ta yi lalube, ta nemo farkon bidiyo ta ɗauka cewa sauran yana biye a jere. Ba lallai ya zama a jere ba, musamman a jiragen da ke rubuta ƙaramin kwafi na LRF a lokaci guda da babban bidiyon, gutsattsarin biyun suna shiga juna. Sai a dawo maka da fayil mai suna da girma, ka buɗe ka ga koren allo. In kuwa cikakken fomat aka yi a Windows, tun daga Vista yana bin katin yana rubuta sifiri a ko'ina, daga nan babu gwanin da zai iya komai. Mai gyaran da ya ba ka wannan shawarar bai taɓa zama ya ga yadda bidiyo ke kwanciya a kati ba, kuma in aikin ya lalace cewa zai yi dama katin ne ba shi da kyau. Haka ma in kwamfuta ta nemi ta gyara maka katin, ka ƙi. Chkdsk, wato manhajar Windows mai wannan gyaran, yana iya farfasa fayil ya bar maka tarkacen fayiloli masu suna CHK.

Abin yi shi ne ka daina rubuta komai a katin. Kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta, wuri biyu. In ya ƙi kwafuwa, yi cikakken kwafin katin gaba ɗaya a fayil guda da manhajar ddrescue, ka yi aiki a kan wannan kwafin. Bayan ka kwafe, mayar da katin cikin jirgin ka kunna shi na ɗan lokaci, wasu jiragen DJI da kansu suke ƙarasa rufe fayil. In bai yi ba, nemi manhajar gyaran bidiyo mai suna Untrunc, kyauta ce. Tana buƙatar lafiyayyen bidiyo daga jirgin nan, da saiti iri ɗaya, 4K da 4K, adadin hotuna a daƙiƙa ma iri ɗaya, sai ta dube shi ta sake gina moov. Ɗauki wannan samfurin a wani katin daban. Ka kuma leƙa manhajar jirgin, DJI Fly, a wayarka, in ka bar ajiyar wucin gadi a kunne akwai kwafi mai ƙarancin kyau da za ka iya nuna wa mai aikin.

Nan gaba tsayar da ɗauka tun jirgi yana sama, ka ba shi ƴan daƙiƙoƙi kafin ka kashe. Yi amfani da kati mai alamar V30 ko U3, wato mai iya rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa ba yankewa. Sabon kati kuwa ka gwada shi da manhajar gwajin kati ta H2testw kafin ya shiga jirgi, domin jabu yana nuna gigabait 256 alhali cikinsa bai kai haka ba, da ya cika sai ya hau kan abin da ka riga ka ɗauka. Fomat a cikin jirgin ake yi, kuma sai bayan ka buɗe kwafi biyu ka ga suna tafiya har ƙarshe.