Abin da ka gani a hannuna ranar suna

Yaya, na saurari saƙonka na murya har sau uku. A karon farko dariya na yi. A na biyu na lura da yadda ka sassauta murya da ka zo kan "ko dai zaman can ya fara canza ka", sai dariyar ta tsaya. Bari in ba ka amsa a rubuce, don in na kira waya za ka katse ni kafin in kai ƙarshe.

Abin da ka gani a hannuna a hoton sunan jikata taba ce, ban musa ba. Amma ba karan sigarin da ake saya a tebur ba ce, kuma ban kunna ta ba. Maƙwabcina ne ya kawo, wani dattijo ɗan asalin Kyuba da muke katanga ɗaya da shi shekara goma sha huɗu. Ya shigo da ɗan akwatin katako a hammata, ya bi maza ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kowa. Al'adar mutanen nan ce, in an yi haihuwa uba ko kaka ya raba wa maza wannan taba, yadda muke raba goro da dabino. Da ya ga ban tanadi komai ba, a ganinsa asirina ya rufa. To ka gaya mini, mutum ya kawo maka goron suna, ko ba ka ci, mayar masa za ka yi? Karɓa ake yi, a yi godiya, a sa a aljihu. Kafin in kai ta aljihu mai hoto ya kama ni.

Turawa suna kiranta da wani suna mai kama da siga, har matata ta daɗe tana ɗauka wani abin zaƙi ne. Masu jin Sifaniyanci kuwa puro suke cewa, ko tabako kawai. Mu a tsakaninmu naɗin hannu muke ce mata.

Sai ka san garin kafin ka gane abin. Tampa, inda nake zaune a Amurka, taba ce ta raya ta. A 1885 wani attajiri mai suna Vicente Martinez Ybor, haifaffen Sifen da ya yi sana'ar a Kyuba, ya sayi fili a gefen garin, ya gina masana'anta da gidajen ma'aikata, aka fara naɗi a 1886. Unguwar har yau sunansa take amsawa. Ibor ake furtawa, amma ba ruwanta da Ibo na wajenmu. Mutanen Kyuba da na Sifen da na Italiya suka yi ta kwararowa, har ta kai a 1929 kaɗai an naɗe kusan miliyan 500 a garin. A zamanin nan ma'aikata kan haɗa kuɗi daga aljihunsu su ɗauki mai karatu, ya hau wani ɗan dandamali yana karanta musu jarida da littattafai da ƙarfi, hannuwa suna aiki kunnuwa suna saurare. Masu masana'antu suka ga karatun yana buɗe wa leburori ido, suka hana shi a 1931. Daga baya injin naɗi da sigari mai araha suka karya kasuwar, takunkumin da Amurka ta sa wa Kyuba a 1962 ya yanke ganyen da ake kawowa daga can. Yau babbar masana'anta ɗaya ta rage, ta J.C. Newman, a wani jan gini mai hasumiyar agogo da aka gina a 1910. Sai ƙananan shaguna a Titi na Bakwai, inda za ka ga mai naɗi zaune bayan gilashi, kaji suna yawo a bakin titi ba mai taɓa su, don doka ta kare su. Ranar da na fara ganin zakara yana tsallaka kwalta a Amurka, motoci suna jiransa, sai da na tuna gida.

Dattijon nan tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake naɗi, kuma har yanzu yana da teburinsa a garejin gidansa. A nan na ga aikin ido da ido. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne sunayen. Ganyen da ke tsakiya tripa suke ce masa, wato hanji. Wanda ke riƙe hanjin kamar 'yar ciki yake, na waje kuma kapa, babbar riga ke nan. Tana da kai, tana da ƙafa, har hula ake sa mata. Babu takarda, babu auduga a gindi, babu yankakken gari. Ganye ne zalla daga ciki har waje.

Hanjin ma ba ganye ɗaya ba ne. Ganyen saman shuka, wanda ya fi shan rana, shi ne lihero, mai kauri da ƙarfi, ba ya son cin wuta. Na tsakiya seko, shi ke ba da ƙamshi. Na ƙasa bolado, ba shi da wani ɗanɗano sosai amma shi ke sa wuta ta ci. Sai ya ɗauko su ya nannaɗe kowanne a tafin hannu yadda iska za ta sami hanya, ya sa mai ƙarfin a can tsakiya, ya naɗe da 'yar cikin, ya jera a wani katako mai rami-rami, ya rufe da ɗan'uwansa ya matse. Bayan wani lokaci ya buɗe ya juya su, don kada gefen katakon ya bar musu layi. Sa riga shi ne wurin gwaninta. Zai shimfiɗa rabin ganye mai laushi kamar fatar da ta sha jima, ya yanke shi da wata wuƙa marar ƙota mai siffar jinjirin wata, ya ja shi a karkace daga ƙafa zuwa kai, yana miƙar da shi da yatsa ɗaya. Ya lakato ɗan ƙaro marar wari ya liƙe, ya yanko ɗan da'ira ya ɗora hula. Duk wannan yana yi yana ba ni labarin ƙwallon gora, ko kallon hannunsa ba ya yi. Na gwada sau ɗaya. Abin da na naɗe ya fito kamar rogon da ya sha fari, ya ajiye shi a kan kanta yana nuna wa baƙi.

In an cika matsewa hayaƙi ba zai zo ba, sai ka yi ta zuƙa kamar mai shan fura da tsinke. In an sassauta kuma ta ci da sauri ta yi zafi ta yi ɗaci. Masu saye sukan ɗan latsa ta daga kai zuwa ƙafa suna neman inda ta yi tauri ko rami. Girma ma da lissafi. Kauri ana auna shi da kashi 64 na inci, don haka wadda ka gani a hannuna, mai tsawon inci 5 da kauri 50, robusto ake kiranta, takan ɗauki mutum kusan awa guda.

Tsadar da ka tambaya, tun daga gona ta samo asali. Ganyen yakan yi wata ɗaya da rabi ko biyu a rataye a rumfa har ya tashi daga kore ya koma ja. Sannan a yayyafa masa ruwa a tara shi tsibi, ya yi zafi daga ciki da kansa, kamar yadda Inna take rufe kalwa in za ta yi daddawa. Ana rushe tsibin ana sake ginawa, wari mai hawa kai yana fita. Bayan nan a ɗaure a ajiye, wani shekara biyu, wani fiye. Shi ya sa guda ɗaya mai kyau takan kai dala goma, wata ashirin, wata ta wuce. Kada ka buga lissafin da naira, hawan jini zai kama ka.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Manyan wuraren noman su ne Pinar del Río a Kyuba, da Estelí a Nikaraguwa, da kwarin Cibao a Jamhuriyar Dominikan. Amma ɗaya daga cikin rigunan da masana suka fi girmamawa daga maƙwabtanmu take zuwa, gabashin Kamaru wajen Batouri, da tsallaken iyaka cikin Afirka ta Tsakiya. Ganye ne siriri mai saurin yagewa, jikinsa da ɗan ƙurji-ƙurji. Kamfanin Arturo Fuente, da aka kafa a nan Tampa a 1912, da shi yake yi wa wasu fitattun tabobinsa riga. Ranar da dattijon ya fahimci ƙasarmu tana iyaka da Kamaru sai ya miƙe ya sake ba ni hannu, kamar ni na shuka.

Ka ce in gaya maka gaskiya ko na taɓa sha. Na taɓa, sau biyu, shekarun baya. Ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake riƙe shi a fesar. Farkonta yaji ne, irin na masoro, a can bayan hanci. Da ta ci kamar kashi ɗaya cikin uku sai yajin ya kwanta, wani abu kamar soyayyar gyaɗa ya taso, da ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, da ɗan warin sabuwar fata irin na layin dukawa a kasuwar Kurmi. Mai rigar Kamaru tana da ɗan zaƙi-zaƙi a leɓe. Wajen ƙarshe komai ya yi nauyi ya yi ɗaci, a nan ake ajiye ta ta mutu da kanta, ba a murje ta. Wannan shi ne na farko. A na biyu ban ci abinci ba, aka ba ni mai baƙar riga, maduro, cike da lihero. Kafin in kai rabi gumi ya karyo mini, garejin ya fara juyawa, dattijon ya ɗebo sukari a cokali ya ce in tsotsa. Daga ranar ban ƙara ba.

Abin sha kuwa, ba zan ɓoye maka ba, da yawansu da giya suke haɗawa, musamman wadda ake yi da rake. Wannan ba layinmu ba ne, kuma sun sani, ba mai miƙa mana. Amma ainihin abokin tafiyarta a Tampa gahawa ce. Suna dafa ta baƙa ƙirin, su ɗiga 'yan ɗigon farko a kan sukari su buga da cokali har ya yi kumfa, su zuba sauran, a sha a ɗan finjalin da bai fi na shayin Buzaye ba. Da safe kuma mai madara, da burodinsu dogo, da taba mai farar riga marar ƙarfi. Ƙa'idar ita ce kada ɗaya ya danne ɗaya, mai ƙarfi da mai ƙarfi, mai sanyi da mai sanyi. Mun yi namu gwajin a kansa. Wani ɗan Agadas da ke cikinmu yakan dafa shayi ranar Lahadi, dattijon ya ce na farko ya yi masa ɗaci, amma na biyu, da na'a-na'a ta fito, ya dace da tabarsa ƙwarai, har yanzu yakan leƙo ya tambaya ko an ɗora buta. Zobo bai yi ba, tsaminsa ya kashe komai. Goro kuwa ya ɓantara sau ɗaya, ya yamutsa fuska, ya tambaye ni laifin me ya yi mini.

Yadda muke da abin a tsakaninmu, ba baki ɗaya muke ba. Malaminmu a nan haramun yake cewa kai tsaye, saboda cutarwa da ɓarnar dukiya. Akwai dattawa biyu da suke cewa makaruhi ne, suna kawo misalin iyayenmu. Kai ma ka tuna lofen Kaka, da tabar gari mai kanwa da yake cusawa a leɓe, da furen taba da Inna take goga wa haƙora bayan goro. Ni dai ina bayan malam. Likitoci sun tabbatar tana jawo kansar baki da ta maƙogwaro ko da ba a haɗiye hayaƙin ba, kuma babba guda ɗaya tana iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari sukutum. Kyan naɗi bai canza wannan ba, taba dai ta bambanta da garin gero. Yawancinmu in an ba mu mukan karɓa mu ba abokan aiki. Mutum biyu ko uku suna sha, a bayan gida, ba a gaban yara ba. Abin da ya fi damuna samarinmu ne da aka haifa a nan, don yanzu har a bikin aure ake ɗauko mai naɗi ya zauna a gefe yana yi wa baƙi, su kuma suna ganin abin burgewa ne a hoto. Doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, amma bayan nan sai tarbiyya.

Saura maganar abokinka da ya ce in aiko masa da kwali. Ka san aikina gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, kuma cikin masu kirana akwai shagunan taba. Ɗakin da suke ajiye ta da wani katako mai ƙamshi ake lulluɓe shi, damshin iska kuma ba ya nisa da kashi 70 cikin 100, dare da rana. In na'urar ta tsaya ranar Asabar, mai shago har gida yake biyo ni. Na taɓa yin kuskuren kai wa wani guda biyar Kano a watan Janairu, tsakiyar hunturu. Kwana huɗu rigar ta tsage, ta bakwai in ka taɓa sai ta ruguje kamar busasshiyar kuka. Ka ba shi haƙuri, ka ce ba rowa ba ce. Ko da za ta iso lafiya ma ba ni zan aika ba.

Wadda ke cikin hoton tana nan a aljihun babbar rigata, na manta da ita sai da matata ta zo kai wanki. In wani zai taho cikin watan nan, a sa mini daddawa da goro fari mai ɗan damshi, na shagon nan duk ya bushe. Ka gaida Hajiya da yara, ka kuma ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, don na san hoton ya riga ya kai gare ta.