Riyal 20,000: ɗana zan ba ko 'yata?

Wani Alhaji mai shagon turare da dabino a Shara Mansur, Makka, ya rubuto: "'Ya'yana biyu na karatu a Jami'ar Ummul Ƙura. Namijin ba shi da zance sai na kamfanin da zai buɗe idan ya gama. Macen kuwa shekara biyu ke nan tana haɗa humra da turaren wuta tana sayarwa ta Snapchat, amma ta ce aikin albashi take so. Na ware riyal 20,000, wa zan ba jari?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ai amsar na cikin wasiƙarka: ɗaya yana faɗa, ɗaya tana yi.

Masu binciken abin da ke sa ɗalibi niyyar kasuwanci sukan dogara da bayanin masanin halayyar ɗan Adam Icek Ajzen na 1991. Ya ce niyya kan tsaya ne a kan abu uku: yadda mutum ke kallon aikin, abin da yake zaton na kusa da shi za su ce, da yardarsa cewa zai iya. Ɗanka ya samu dukansu a ɓagas. Ina kyautata zaton tun yana ƙarami kake zaunar da shi a shago lokacin Hajji, ya ga yadda ake ciniki da alhazai, ya ji ana cewa "magajin Alhaji". Wa ya taɓa kiran 'yarka haka? Bincike a ƙasashe da dama ya nuna maza sun fi mata furta niyyar kasuwanci, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne na ukun nan: mace takan raina iyawarta ko da tana samun riba. Saboda haka "aikin albashi nake so" ba lallai ƙin kasuwa ba ne. Wataƙila ba ta taɓa jin an ce mata abin da take yi kasuwanci ne ba, a gida ana ɗaukarsa 'yar sana'ar ɗaki. Mu Hausawa dai mun san uwayenmu sun aurar da 'ya'ya da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashi, amma ba mu taɓa kiran su 'yan kasuwa ba.

Doka ma ta daina zama hujja. Tun Fabrairun 2018 mace na iya yin rajistar kasuwanci a Saudiyya ba tare da izinin waliyyi ba, a watan Yunin shekarar kuma aka ba mata damar tuƙi, wato kai kaya da kanta.

Ni dai da ni ne, ba zan raba kuɗin biyu don gudun ƙorafi ba. Ka ce 'yarka ta kawo lissafin wata shida: nawa take sayen kayan haɗi da kwalabe, nawa ke shigowa, nawa ke hannun masu bashi. In babu littafi, ta fara rubutawa yau, ka jira wata uku. In riba ta bayyana, ka ba ta 12,000 a matsayin bashi mai wa'adi, a rubuce, da shaida. Ka faɗa mata da bakinka, gaban mahaifiyarta, cewa ka yarda da ita. Ɗanka kuma ka damƙa masa ɓangaren dabino a azumin bana, da jarin 3,000, a ga abin da zai dawo da shi bayan Sallah. Sauran ka riƙe.

Ba ka faɗi ko ku 'yan ƙasar Saudiyya ne ko masu iƙama (takardar izinin zama) ba. In 'yan ƙasa ne, ta nemi takardar sana'ar kai ta intanet, ta buɗe shago a Salla, wato dandalin saye da sayarwa na intanet, ta kuma leƙa horon da Monsha'at, hukumar kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ke bayarwa. In iƙama ce, kada wani ya ce zai ara muku sunansa a yi rajista. Wannan shi ne tasattur, hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Ka fara zuwa wurin lauya kafin riyal ɗaya ya fita daga aljihunka.