Me ya sa Menonawan Manitoba suka zauna a ƙauyuka maimakon kowa a gonarsa?

Malam, ka tambayi dalili. Dokar Kanada ta ba kowane magidanci eka 160, bisa sharaɗin ya zauna a kanta. Menonawa, mabiya wata ɗariƙar Kirista da suka taso daga kudancin Rasha zuwa lardin Manitoba a 1874, sai aka sassauta musu, suka jera gidaje a titi ɗaya, suka yanka gonaki dogaye sirara don kowa ya samu mai kyau da mara kyau. Iyalai 18 ne suka kafa ƙauyen Steinbach haka.

Damina ba ta yi musu daɗi ba: fara ta cinye amfanin 1875, ƙasar da suka zauna a gabashin Kogin Red kuma duwatsu da fadama, da yawa suka ƙaura yamma.

Cocinsu kuwa a wancan lokacin ba ado, ba kayan kiɗa. Maza gefe, mata gefe, mai jan baiti ya ɗauko waƙa da Jamusanci.