Wa ke raɗa wa guguwar teku suna?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake kiran guguwa Katrina kamar 'yar gidan wani. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ce ke ajiye jerin sunaye shida na Tekun Atlantika, kowane jeri sunaye 21, na maza da na mata bi da bi tun 1979. Ba a raɗa wa iska suna sai gudunta ya kai kilomita 63 a awa. Kowace shekara da jerinta, don haka jerin bana zai sake zagayowa bayan shekara shida.

Wadda ta yi mummunar ɓarna kuwa, a soke sunanta har abada. Katrina ta 2005, da ta nutsar da birnin New Orleans na Amurka, Katia aka sa a gurbinta.